Neman Abin da Ba Ya Motsi: Tarihin Ture Turamen Haƙori

Idan yaro ya kai shekara 6 da haihuwa, ko kusa da haka, wani haƙori yakan fito masa can ƙuryar baki, a bayan haƙoran nono duka, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba, har iyaye da yawa kan ɗauka shi ma na nono ne da zai zube wata rana, alhali kuwa shi ne farkon turamen dindindin, kuma a kansa ne sauran haƙora za su daidaita sahunsu har iyakar rayuwa. Guda 4 ne, biyu a sama biyu a ƙasa; na sama saiwa 3 gare shi, na ƙasa saiwa 2, kuma duk bakin babu wanda ya fi shi kafuwa a cikin ƙashin muƙamuƙi. Saboda wannan kafuwa tasa ne likitocin da suka keɓanta da daidaita haƙora suka riƙe shi madogara tun farkon sana'arsu, su ɗaura masa waya su jawo raunanan haƙoran gaba zuwa gare shi. Sai dai sau da yawa shi kansa turmin ne ya bar wurinsa: ko dai haƙorin nonon da ke gabansa ya ruɓe an cire shi kafin lokaci, turmin ya gangaro ya cinye gurbin wanda bai fito ba tukuna, ko kuwa jerin haƙoran sama baki ɗaya ya wuce na ƙasa har leɓe ba ya iya rufe su. To, a nan ne mas'alar take, wadda ta sha kan masana fiye da shekara 100: idan abin da ake dogara a kansa shi ne ake so a ture, a kan me za a dogara?

Asalin wahalar yana cikin wata ƙa'ida ta halitta wadda Isaac Newton na Ingila ya bayyana a talifinsa na 1687, cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da nasa ta fuskar da ta saɓa. Saboda haka in aka sa sifirin tsakanin turmi da haƙoran da ke gabansa da nufin a mai da turmin baya, da ƙarfin da zai tura turmin, da shi zai tura na gaban su ƙara fitowa waje, kuma tun da yake na gaban sun fi rauni, su ne za su riga motsawa. Haka kuma in aka cire haƙori ɗaya domin a sami wurin da za a janyo na gaba, turmin da aka ɗaura wa igiyar jan zai taho gaba a hankali ya ci rabin wurin, ko fiye, kafin likita ya farga.

Magabata sun san amfanin dogara da haƙori mai ƙarfi tun kafin a san ana iya sauya wa haƙora wuri da gangan. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu a wajajen 1013 miladiyya, ya yi bayani a cikin littafinsa at-Tasrif yadda ake ɗaure haƙoran da suke girgiza da waya a jikin maƙwabtansu lafiyayyu, ya kuma fifita wayar zinariya a kan ta azurfa domin ita azurfa takan ɓaci a cikin baki. Manufarsa tsayar da haƙori ce, ba tafiyar da shi ba, amma hikimar ɗaya ce: mai ƙarfi ya riƙe mai rauni. A 1728 Pierre Fauchard na Faransa ya siffanta wani lanƙwasasshen sili na zinariya ko azurfa mai ƙananan huji, ana ɗora shi a kan jerin haƙora a ɗaure karkatattun a jikinsa da zare. Shi kuwa Norman Kingsley na New York, a wajajen 1866, ya gane cewa bakin kaɗai ba zai isa ba, ya fitar da madogarar waje: ya yi wa mai jinya hula ta ɗauri a kai, daga nan roba ta sauko ta ja haƙoran sama baya, ƙarfin da ke komawa ya faɗa a kan ƙoƙon kai, wanda babu robar da za ta iya gusar da shi.

Mutumin da ya mai da wannan aiki ilimi mai usuli da ƙa'idodi shi ne Edward Angle, Ba'amurke da aka haifa a 1855 ya rasu a 1930. A 1899 ya wallafa rabe-rabensa na rashin daidaiton cizo, ya gina shi baki ɗaya a kan turmin farko na sama, yana ganin cewa shi ne mabuɗin lamarin: in turmin ƙasa ya haɗu da shi yadda ya dace, aji na ɗaya ke nan, in na ƙasa ya yi baya, aji na biyu, in ya yi gaba, aji na uku. Har yau da wannan harshe likitocin duniya suke magana da juna. A 1900 ya buɗe makaranta a birnin St. Louis, almajiransa suka bazu cikin Amurka da Turai suna ɗauke da mazhabarsa, wadda babban rukuninta shi ne cewa kowane mutum an halicce shi da gurbin haƙoransa 32, saboda haka cire lafiyayyen haƙori domin a daidaita saura ɓarna ce da ba ta halatta ga likita.

Wanda ya haramta wa kansa cire haƙori kuwa, lalle ne ya nemo wuri ta wata hanya, ko ya faɗaɗa jerin, ko ya mai da turame baya. Da farko Angle ya yi amfani da hular Kingsley, amma daga baya ya sake ta saboda wata dabara da ake danganta wa Henry Baker na Boston tun 1893, ko da yake Calvin Case na Shikago shi ma ya yi da'awar cewa shi ya fara ta. Dabarar mai sauƙi ce: a rataya 'yar ƙaramar roba daga haƙoran gaba na sama zuwa turmin ƙasa, sai muƙamuƙin ƙasa ya zama madogarar na sama. Mai jinya ya huta da hula, likita ya huta da lallashi, kuma Angle ya yi imani cewa robar tana ƙarfafa muƙamuƙin ƙasa ya girma ya cim ma na sama. Darajarsa a idon almajiransa ta kai matuƙar da, daga lokacin da ya ce hula ba ta da amfani, sai aka ajiye ta kusan shekara 30, ba don wata hujja ta gwaji ba, sai don taƙlidi. A 1911 Case ya tsaya gaban taron likitocin haƙori na ƙasar ya kare halascin cire haƙori in lalura ta kama, Martin Dewey almajirin Angle ya yi masa raddi mai zafi, jama'a suka watse a kan cewa ɓangaren Angle ne ya yi rinjaye.

A daidai wannan zamani, can Turai, wasu masu bincike suna duban abin da ke faruwa a ƙarƙashin dasashi, kuma a ganina a nan ne mabuɗin tarihin nan duka yake, ko da yake an daɗe ba a gane iyakar fa'idarsa ba. Carl Sandstedt na Suwidin ya sa wa karnuka na'urar jan haƙori, sa'an nan ya duba ƙashinsu da madubin ƙara girma, ya wallafa abin da ya gani a 1904. Saiwar haƙori ba manne take da ƙashi ba. Tsakaninsu akwai wani siririn tantani na zarurruka da jijiyoyin jini, kaurinsa bai wuce kimanin rubu'in milimita ba, shi ne yake rataye da haƙorin a cikin raminsa. In aka matsa haƙori, ta gefen da tantanin ya matse sai wasu ƙwayoyin halitta su taru su cinye ƙashi su buɗe hanya, ta gefen da ya miƙe kuwa sai wasu su gina sabon ƙashi su cike bayan, ta haka haƙorin yake tafiya tare da raminsa, kimanin milimita ɗaya a wata. In kuwa matsin ya yi yawa har jini ya yanke, sai tantanin ya mutu a wannan wuri, tafiya ta tsaya cik har sai an share mataccen daga ƙarƙashi. Albin Oppenheim na Viyana ya maimaita binciken a kan birai a 1911, sa'an nan Martin Schwarz a 1932 ya ƙaddara cewa bai kamata ƙarfin ya zarce matsin jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyi ba, wato giram 20 zuwa 26 a kan kowane murabba'in santimita na saiwa. Abin da wannan yake nufi ga mai neman madogara a fili yake: duk haƙorin da yake da wannan tantani zai amsa kiran matsi, babba ne ko ƙarami, kuma babu wani haƙori mai rai a baki da za a ce ba ya motsi.

Hujjar da ta karya zaton Angle ta zo ne bayan rasuwarsa. A 1931 Holly Broadbent a Cleveland, da Herbert Hofrath a Jamus, kowanensu daban, suka fito da hanyar ɗaukar hoton ƙashin kai daga gefe a kan ma'auni tsayayye, ta yadda za a ɗora hoton bara a kan na bana a ga haƙiƙanin abin da ya gusa. Allan Brodie na Jami'ar Illinois, wanda shi kansa almajirin Angle ne, ya auna masu jinyar da aka gama yi wa aiki ya wallafa sakamakon a 1938 tare da abokan aikinsa, sai ga shi canjin da aka samu ya tsaya ne ga haƙora da ƙashin da ke riƙe da su, robar ba ta tsawaita muƙamuƙi ba. Abin da ta fi yi shi ne ta jawo haƙoran ƙasa gaba ta karkatar da su. Madogarar ce ta tafi, aka ɗauka nasara ce.

Charles Tweed na Arizona ya isa ga wannan gaskiya ta hanyar da ta fi ɗaci. Yana cikin almajiran Angle na ƙarshe kuma mafi kusa, ya bi koyarwar malaminsa sau da ƙafa shekaru, sa'an nan ya tara hotuna da siffofin bakin waɗanda ya yi wa aiki ya dube su da idon adalci, ya ga da yawansu bakinsu ya turo gaba, haƙoran kuma suna komawa cunkushe. Ya kirawo da dama daga cikinsu, ya cire musu ƙananan turame 4, wato waɗanda ke tsakanin fiƙa da manyan turame, ya sake aikin ba tare da karɓar lada ba, a 1940 kuma ya baje shaidar mutum 100 a gaban taron 'yan sana'arsa. An zarge shi da cin amanar malaminsa, amma ni ban ga almajirin da ya fi shi cika haƙƙin ilimin da aka ba shi ba, gama ya fifita fuskokin yaran da aka damƙa masa a kan sunansa. Tun da yake yanzu akwai gurbin da aka saya da haƙori lafiyayye, asarar ko da milimita ɗaya daga cikinsa ta zama abin baƙin ciki, don haka Tweed ya tsara abin da ya kira shirya madogara: kafin a fara jan haƙoran gaba, sai a lanƙwasa waya a kishingiɗar da turamen ƙasa zuwa baya, kamar yadda mai kafa tanti yake karkatar da turke ya juya wa igiya baya domin kada ta tumɓuke shi. Aiki ne mai cin watanni da lanƙwasar waya mai wuya, amma ya zama karo na farko da aka ɗauki madogara abin da ake ginawa da niyya tun kafin a fara.

Daga Ostareliya wata amsa ta daban ta fito. Masu bincike biyu, Storey da Smith, sun nuna a 1952 cewa in aka ja fiƙa baya da ƙarfin giram 150 zuwa 200, fiƙar ce take tafiya turame su tsaya, in kuwa aka kai ƙarfin giram 400 zuwa 600 sai lamarin ya juya, fiƙar ta tsaya saboda tantaninta ya shaƙe, turamen su taho gaba domin a gare su, masu faɗin saiwa, wannan ƙarfin shi ne daidai. Raymond Begg na Adelaide, shi ma tsohon almajirin Angle, ya gina hanyarsa ta siririyar waya da ƙarfi mai sauƙi a kan wannan asasi, ya bayyana ta a 1956.

Ita kuwa hular da aka jefar, Oppenheim ne ya dawo da ita a 1936, bayan ya yi wa wata mai wasan kwaikwayo aiki wadda sana'arta ba ta yarda a ga ƙarfe a bakinta da rana ba. Ya ba ta abin da za ta sa da dare kaɗai, sai ya ga turamen sama sun koma baya ba tare da an taɓa haƙoran ƙasa ba. Silas Kloehn na Wisconsin ya kyautata abin a 1947 ya ba shi siffar da aka san shi da ita: zobe a kan kowane turmin sama, baka biyu na waya a haɗe, ta ciki tana shiga bututun da ke jikin zoben, ta waje tana zagayo kumatu, sa'an nan maɗauri mai roba ya ratsa ta ƙeya. Ta fuskar ƙa'idar Newton wannan amsa ce cikakkiya, domin wuya da ƙoƙon kai ba sa gusawa, kuma ga yaro mai tasowa tana iya rage gaggawar girman muƙamuƙin sama. Amma tana da sharaɗi mai nauyi, shi ne yaro ɗan shekara 10 ko 12 ya sa ta awa 12 zuwa 14 kowace rana, wata da watanni, ya kwana da ita, ya jure kallon 'yan'uwa da tsokanar abokai. Wanda ya bar ta kwana biyu, abin da aka samu cikin mako ya koma. An kuma sami yaran da bakan ya kuɓuce musu ya koma da ƙarfin roba ya soki ido, har wasu suka rasa gani, abin da ya sa aka ƙera maɗauri mai tsinkewa da kansa in an fizge shi. A haƙiƙa madogarar ta tashi daga ƙashi ta koma kan haƙurin ƙaramin yaro, kuma ba adalci ba ne yadda aka riƙa rubuta rashin nasara a kan taurin kan yara, alhali an ɗora musu abin da manya da yawa ba za su iya ɗauka ba.

Wannan ne ya sa daga shekarun 1980 hankalin masu ƙira ya koma ga na'urar da za a manne a baki ta yi aikinta dare da rana, ko mai jinya ya so ko bai so ba. Kayan aiki kuwa sun riga sun samu. Tun 1947 Hays Nance ya fito da wani maɓalli na roba mai tauri da ake kwantarwa a kan ganɗa a haɗa shi da haƙora da waya, domin ganɗar ta ɗauki wani kaso na nauyi; Robert Goshgarian a 1972 ya ƙetara ganɗa da waya ya haɗa turmin dama da na hagu; George Andreasen na Iowa ya shigo da wayar nikel da titaniyam a 1971, wadda asalinta daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka take, mai ba da ƙarfi kaɗan na dogon lokaci; Charles Burstone da Jon Goldberg kuma suka kawo wata wayar titaniyam mai karɓar lanƙwasa a wajajen 1980. Anthony Gianelly na Boston ya gwada maganaɗisu biyu masu korar juna a ƙarshen shekarun 1980, amma ƙarfinsu yana raguwa da sauri da zarar sun ɗan rabu, sai aka koma ga sifirin.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce na'ura mai lilo ta James Hilgers, ta 1992. Babban maɓallin Nance ne a kan ganɗa, an kafe shi a jikin ƙananan turame, daga bayansa kuma hannaye biyu na wayar titaniyam suka fito, kowane da 'yar naɗi, ana tanƙwara su a cusa a jikin turamen farko, su yi ta tura su baya a kan baka kamar yadda abin lilo yake tafiya. Cikin wata 4 zuwa 6 sai giɓi ya buɗe a gaban turmi, wanda ido yake gani, likita da iyaye su yi murna. A 1992 ɗin ne kuma aka fito da wata na'urar tura turmi mai suna Jones Jig, a 1996 Aldo Carano da Mauro Testa na Italiya suka kawo tasu mai suna Distal Jet. Sai dai da aka koma ga ma'aunin Broadbent, hisabin ya fito kamar yadda ya saba. Masu bincike biyu, Ghosh da Nanda, sun auna masu jinyar da aka sa wa na'ura mai lilo suka wallafa a 1996 cewa, a matsakaici, turmi ya koma baya kimanin milimita 3.4 tare da karkata ta kusan digiri 8, ƙaramin turmin da aka dogara a kansa kuwa ya taho gaba kimanin milimita 2.5. Ashe kusan kashi 2 cikin 5 na giɓin da aka yi murna da shi asarar madogara ce, domin ganɗa nama ne mai laushi a kan ƙashi, maɓalli yana nutsewa a cikinsa ya zame.

Batun karkatar nan yana buƙatar a tsaya a kansa, gama shi ne ya raba aikin gwani da na mai gaggawa. Burstone, wanda ya shigo da lissafin injiniyoyi cikin wannan fanni, ya koyar da cewa kowane haƙori yana da wata cibiya ta turjiya a cikin ƙashi, wadda a turmin sama take kusa da inda saiwoyinsa 3 suka rabu. In layin ƙarfi ya ratsa ta wannan cibiya, haƙori ya tafi a tsaye, kai da saiwa tare. In kuwa ya bi ta ƙasa da ita, wato ta kan haƙorin inda hannun likita yake iya kaiwa, sai kan ya tafi saiwa ta tsaya, ko ma ta yi gaba. Turmin da ya karkata kuwa bai ƙaura ba, jingina ya yi, kuma da an sake shi zai miƙe ya koma kan saiwarsa. Bayan haka ga wani abu: da an gama tura turmin, wajibi ne a janyo ƙananan turame da fiƙa da haƙoran gaba su biyo shi, kuma abin da za a dogara a kansa wajen janyo su shi ne wannan turmin da bai gama zama a sabon raminsa ba. Likitoci da yawa sun ga rabin abin da suka samu a wata 6 na farko ya zube a shekarar da ta biyo.

Tunanin a kafa madogara a cikin ƙashi kai tsaye ba sabo ba ne. A 1945 Gainsforth da Higley a Jami'ar Iowa sun ɗaura ƙusoshi masu zare na wani gamin ƙarfe da ake kira bitaliyam a muƙamuƙin karnuka suka ja fiƙoƙinsu da su, amma duk ƙusoshin suka saki cikin wata guda ko ƙasa da haka, aka bar maganar. Abin da ya farfaɗo da ita ya zo daga wani fanni dabam. Per-Ingvar Brånemark na Suwidin, yana binciken gudanar jini a ƙashin zomaye a shekarun 1950, ya tarar da cewa 'yan bututun titaniyam da ya dasa sun haɗe da ƙashin har ba sa ciruwa, a 1965 kuma ya dasa wa mutum na farko saiwoyin titaniyam a birnin Gothenburg. A nan ne binciken Sandstedt ya ba da 'ya'yansa na biyu: haƙori yana tafiya ne saboda tantanin da ke tsakaninsa da ƙashi, dasashen titaniyam kuwa ba shi da wannan tantani, saboda haka matsin da zai kori haƙori ba ya samun wanda zai amsa masa a jikinsa.

A 1983 Thomas Creekmore da Michael Eklund suka ba da labarin mai jinya ɗaya da suka ɗaura wa ƙusa a ƙashin da ke ƙarƙashin hanci, suka ɗaga haƙoran gaba na sama da ita kimanin milimita 6 cikin shekara, ƙusar ba ta girgiza ba. A 1990 Eugene Roberts da abokansa suka dasa titaniyam a bayan turmin ƙarshe na ƙasa, suka dogara a kansa suka janyo turame biyu gaba kimanin milimita 10 suka rufe giɓin turmin farko da ya daɗe da faɗuwa, aikin da a da sai dai a cike shi da haƙorin roba. Heinrich Wehrbein a 1996 ya dasa gajere a tsakiyar ganɗa. Amma waɗannan duka suna bukatar fiɗa da jiran watanni kafin ƙashi ya kama, da wata fiɗar kuma wajen cirewa. Sauƙin ya zo ne daga gabashin Asiya: Ryuzo Kanomi na Japan ya bayyana a 1997 wata 'yar ƙusa mai kaurin milimita 1.2 kacal, wadda za ta shiga tsakanin saiwoyi biyu. Junji Sugawara na Jami'ar Tohoku da abokansa suka ɗauko 'yan faifan titaniyam da ake ɗaure karyayyen ƙashin fuska da su, suka nutsar da turame cikin ƙashi a 1999 domin rufe bakin da haƙoran gabansa ba sa haɗuwa, daga baya kuma suka mai da turamen ƙasa baya a bakin manya, abu biyu da a da ake ganin sun fi ƙarfin waya. Hyo-Sang Park da Hee-Moon Kyung na Jami'ar Kyungpook a Daegu ta Koriya ta Kudu suka mai da 'yar ƙusar kayan aikin yau da kullum, ana ɗaura ta cikin 'yan mintoci da allurar kashe zafi kaɗan, a fara ja a ranar, a kwance ta in an gama. A Jamus Benedict Wilmes na Düsseldorf ya zaɓi gaban ganɗa, inda ƙashi yake da kauri kuma babu saiwa a hanya, ya kafa ƙusa biyu ya ɗora musu sandar da turmi yake zamewa a kanta, a daidai tsayin cibiyar turjiya, ta yadda turmin zai tafi a tsaye kuma haƙoran gaba ba su ɗauki kome ba.

Duk da haka ba a ce ƙusa ta kawar da kowace illa ba. Taƙaitaccen nazarin da aka yi a 2012 a kan bincike masu yawa ya nuna cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na ƙusoshin suna saki kafin a gama aiki, sakin ya fi yawa a muƙamuƙin ƙasa, da inda ƙusa ta gogi saiwa, da inda dasashi ya kumbura saboda ƙarancin tsabta. A bakin ƙananan yara kuma, waɗanda ƙashinsu bai gama ƙwari ba, ba ta cika kamawa kamar ta manya ba, shi ya sa maɗaurin Kloehn bai fita daga asibitoci ba har yanzu. Eric Liou na Taiwan ya nuna a 2004 cewa ko wadda ta kama takan ɗan sunkuya ta bi jan da ake yi mata, don haka ake barin tazara tsakaninta da saiwa. Su ma faifan roba masu haske da suka yaɗu tun ƙarshen shekarun 1990, waɗanda suke tura turame ɗaya bayan ɗaya, ba su kuɓuta daga ƙa'idar ba, ana haɗa su da robar Baker ko da ƙusa in tafiyar tana da nisa.

Da aka sami abin dogara wanda ba ya biyo igiya, sai tambayar ta koma ga ƙashin da turmin zai shiga. A sama, bayan turmi na biyu akwai ɗan tudun ƙashi mai iyaka, kuma sau da yawa turmi na uku yana kwance a cikinsa bai fito ba, sai an cire shi kafin hanya ta buɗe. Kogon iska da ke saman saiwoyi shi ma yakan sauko tsakaninsu ya rage saurin tafiya. A ƙasa iyakar ta fi tsanani, domin hoton ƙashi mai nuna kauri da zurfi ya bayyana cewa saiwar turmi na biyu takan ci karo da bangon ƙashi na wajen harshe tun kan haƙorin bai kai ga reshen muƙamuƙi ba, kuma in aka matsa bayan haka saiwar ce za ta fita daga ƙashi ko ta fara narkewa. Saboda haka likitan yau yakan auna wannan tazara da milimita kafin ya ɗaura ƙusa ko ɗaya, in ta kai abin da ake bukata ya tura turamen, in ba ta kai ba ya zauna da mai jinya da iyayensa ya gaya musu cewa za a cire ƙananan turame, ko kuwa, in saɓanin na ƙashin muƙamuƙi ne kansa, a jira girma ya tsaya a mai da lamarin ga likitan fiɗa.